Dakta Helen Ta Ce a Fesa Gishiri

Shekara shida Farkhanda ta yi tana ba mutanen duniya amsar tambayoyin da ita kanta ba ta san amsarsu ba, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa kama ta ba. Abin da ya sa ta raina su ke nan, tun daga na farkonsu har na ƙarshe.

Ofishin da take aiki ɗaki ne guda a saman wani shagon tayoyi a birnin Multan, kullum cikin warin roba. Su tara ne masu rubutu. Kowace safiya mai ofishin, Shehroz, yakan tura wa kowa jerin tambayoyin da jama'a suka fi yi wa injin bincike a intanet: me ya sa karena yake cin ciyawa, yaya ake cire tabon shayi daga darduma, ko kyanwa tana iya shan kankana. Aikin marubuci shi ne ya cika shafi da surutu a kan kowace tambaya, ya yi ta maimaita ta a ciki har injin ya ɗauka nan ne gidan amsa, ya ɗora shafin a saman jeri. Mai tambaya ya latsa, ya shigo, idonsa ya faɗa kan talla. Daga nan abincin mutum tara yake fitowa, har da man motar Shehroz.

Farkhanda ba ta taɓa kiwon kare ba. In ta hango shi a layi ma tsallaka titi take yi. Amma ta rubuta fiye da shafi ɗari uku a kan karnuka, kuma wasu mata a ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba sukan rubuto suna godiya, wai shawararta ta ceci ran karensu. Takan karanta ta taɓe baki. Digiri biyu gare ta a Turanci. Ta koyar shekara bakwai a wata makarantar 'yan mata, kafin mai makarantar ya lura cewa biki ya fi karatu riba ya mayar da ginin zauren bukukuwa. Yanzu ga ta da shekara talatin da takwas tana karɓar umarni daga saurayin da ya faɗi jarrabawa sau biyu, wanda yake maganar injin bincike kamar wani attajiri mai saurin fushi.

"Baji," haka yake ce mata don ta girme shi, "wannan watan injin ba ya son dogon sakin layi." Ko kuwa, "Baji, a bi a hankali, jiya injin da fushi ya tashi."

"To a kai masa shayi mana," in ji ta, ba tare da ta ɗago kai ba.

Wata safiya a farkon sanyi ya kira ta teburinsa, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa rasuwa.

"Baji, zo ki ga masifa."

Ya rubuta tambayar tabon shayi. Maimakon jerin shafuka, sai ga amsa cikakkiya ta fito a sama, a tsare, layi-layi. Shafinsu da ya shekara biyu a kan gaba ya koma can ƙasa, inda sai yatsa ya gaji kafin a kai.

Ta sunkuya ta karanta. "Wannan ai jimlata ce. Har waƙafin da na sa inda bai dace ba yana nan."

"Taki ce mana! Ya haɗiye ta, yana ba mutane da bakinsa. Wa zai ƙara shigowa wurinmu? Wallahi wannan sata ce da rana tsaka."

"Mu da muke rubutawa, daga gonar babanka muke girbowa?"

Bai yi dariya ba. Kafin wata biyu ya sallami mutum shida, ya sayo manhajar da ke rubuta shafi guda kafin shayi ya huce. Ya bar Farkhanda da wasu biyu, aikinsu su bi bayan manhajar suna ɗan ɓata rubutun don ya yi kama da na ɗan Adam. Inji ya rubuta, mutum ya shafa masa datti, wani injin ya karanta ya gaya wa wawaye. Haka ta fassara wa kanta aikin, kuma ba ta ga inda ta yi ƙari ba.

Mutum ɗaya ne a duniya ba ta taɓa lissafawa cikin wawayen nan ba, shi ne kawunta, yayan mahaifiyarta, Mamu Wasaya. Yana da gonar mangwaro kusa da Shujabad, bishiya ɗari biyu na irin mangwaron da ake kira chaunsa, wasu ma mahaifinsa ne ya dasa su. A boko sa hannu kawai ya iya, amma yakan murza ganye ya sansana ya gaya maka abin da ke damun bishiya. Tana yarinya duk hutu a can take yi, tana biye da shi yana magana da itatuwa yana zagin na masu lalaci.

Ranar Lahadin ƙarshen Fabrairu ta sayi gwangwanin alewar sohan ta shiga motar haya. Ta tarar gona ta yi fure har ganye ba ya ganuwa, ƙudan zuma suna ta kai da kawo. A tsakar gida kuwa ta ga duro biyu shuɗɗa, da buhun gishiri uku, da jarkokin ruwan khal, mai tsamin nan na girki, a jere jikin bango. Mudassir, ɗan Mamu da ya dawo daga Maskat bara da tumbi da agogo da ƙatuwar waya, yana tsaye yana wanke famfon feshi.

Bayan gaisuwa, matar kawun nata, Mami Sughran, ta kawo shayi. Farkhanda ta nuna buhunan da haɓa.

"Mamu, wannan gishiri haka? Shago za a buɗe?"

Tsohon ya gyara zama a kan gadon igiya, ya yi murmushin wanda ya riga kowa sanin labari. Ya ce tela sun sauka, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse fure. Mai sayar da maganin feshi a kasuwa ɓarawo ne, ruwa yake rinawa ya zuba a kwalba. Masu fitar da mangwaro waje kuma sun ce ba sa son mai warin magani. Shi ya sa ya tambayi Malama.

"Wace malama?"

Ya zaro waya daga aljihun riga, ya riƙe ta da hannu biyu a gaban bakinsa kamar mai shirin addu'a. Ashe tun da Mudassir ya nuna masa ana iya yi wa injin magana da baki ya amsa da muryar mace, ya raɗa masa suna Malama. Lokacin salla ma ita yake tambaya, alhali masallaci yana bayan katangarsa.

"Malama," ya ce da ƙarfi, "faɗa wa mai digiri biyu maganin tela wanda ba guba."

Muryar ta amsa a natse, da Urdu mai tsafta: "A cewar Dakta Helen Bramwell, ƙwararriya kan cututtukan itatuwa, a zuba gishiri kofi biyu da ruwan khal kofi ɗaya a bokitin ruwa, a fesa wa furen da tsakar rana, lokacin da zafi ya fi tsanani, domin a sa'ar ne ƙwarin suke buɗe baki."

Kofin shayin ya tsaya a hannun Farkhanda bai kai bakinta ba.

Ta san ranar. Wata Laraba ce ta Disamba, shekara uku da suka wuce. An ba ta tambayar ƙwarin mangwaro, ta rubuta duk abin da ta iya kwasowa daga shafukan wasu, saura kalma ɗari biyu shafin ya cika. A makon Shehroz ya sanar da cewa injin ya fara son a ambaci sunan ƙwararru. Tana sanye da rigar sanyi ta gwanjo wadda ɗan ƙyallen wuyanta ke sukar ta, ta cire ta rataye a kujera, idonta ya faɗa kan sunan da tsohuwar mai rigar ta rubuta da biro a ƙyallen: Helen Bramwell. Ta ƙara mata Dakta a gaba. Gishiri da khal kuwa daga shafin wanke tabon darduma ta ɗebo su. Maganar ƙwari su buɗe baki da gangan ta sa, don ta ga ko akwai mai hankali ɗaya a duniya da zai rubuto ya ce ƙarya ne. Ba wanda ya rubuto.

Ta ajiye kofin. "Mamu, gishiri ƙona fure yake yi. Kai ne fa ka hana a ba itatuwan nan ruwan rijiyar yamma don yana da zartsi. A gabana ka kori mai ban ruwa saboda haka."

"Wancan a saiwa ne, wannan a fure. Ilimi ya ci gaba, 'yata."

"Feshi da tsakar rana? Ina ka taɓa yin haka?"

"Da ban sani ba ne. Shekara hamsin ina feshi ƙwari sun rufe baki, shi ya sa suke dawowa."

Ta dube shi ta ga ba wasa yake ba. Mutumin da ke gane ciwon bishiya da hanci, yau waya ta gaya masa ƙwaro na da lokacin hamma, ya karɓa hannu bibbiyu. Ba ta tantance ko haushinsa take ji ko na kanta ba.

"Mamu, babu wata Dakta Helen. Ni na ƙirƙiro ta. Ni na rubuta maganar nan da hannuna a ofis, ban san komai a kai ba. Sunan ma a jikin rigar gwanjo na gani."

Sai Mudassir ya saki famfo ya kwashe da dariya har yana dafa duro.

"Baji! Ashe Baturiya muke da ita a dangi ba mu sani ba? Sannu, Dakta! Yaushe aka iso daga Landan?"

"Mudassir, ka rufe mini baki, ba da kai nake ba."

"A'a, abin ai mai sauƙi ne." Ya karɓi wayar mahaifinsa. "Malama, wace ce Dakta Helen Bramwell?"

Muryar ba ta ko yi jinkiri ba. Ta ce Dakta Helen Bramwell masaniya ce da shafukan noma da dama suke kafa hujja da ita, ta shafe shekara ashirin da biyar tana bincike kan itatuwa masu 'ya'ya, tana goyon bayan noma ba tare da guba ba, kuma in ta sami sarari tana son yawo da karnukanta biyu. Har da hoto: wata dattijuwa mai furfura da malafa, tana murmushi a gindin wata bishiya da ko kusa ba mangwaro ba ce.

Farkhanda ta ƙura wa hoton ido. Ita ba ta rubuta shekara ashirin da biyar ba, ba ta ba ta karnuka ba, ba ta yi mata fuska ba. Wasu irinta ne, a wasu ɗakunan sama da wasu shagunan, suka kwafa, kowa da kalma ɗari biyun da ya rage masa.

"Karnukan ma a jikin rigar kika gan su?" in ji Mudassir.

Mamu Wasaya bai yi dariya ba, shi tausayi ma ya ji. Ya karɓi wayarsa ya goge fuskarta da gefen rawani. "Farkhanda, hassada ba kyau. Ga mace 'yar uwarki, ta yi karatu, ta zama abin da duniya ke ambato. Ke ma kin yi karatun, Allah bai nufa ba, kika ƙare a danna maɓalli a saman shagon tayoyi. Ba laifinki ba ne. Amma kada ki ce ke ce ita, mutane za su ce kin taɓu."

Ta tashi ta shige kicin. Mami Sughran tana murza ƙullun gurasa, ta ji komai ta taga.

"Ni dai na yarda da ke," in ji ta.

"Kin yarda, Mami?"

"Me zai hana? Tun kina 'yar shekara shida kin iya shara ƙarya ba ki ƙifta ido. Ke ce kika ce mana aljani ya cinye man shanu." Ta yaɓa gurasa a tanda. "Ni ban san Dakta ba, amma na san gishiri. Kullum hannuna a cikinsa yake."

Da aka zauna cin abinci, Mami ta ajiye kwanon ganye a gaban mijinta ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Baban Mudassir, itatuwa talatin na bakin magudanar ruwa nawa ne, gadon ubana. Duk wanda ya kusance su da famfon nan, shi da girkina har damina." Aka yi ta ja, ya kira ta mai kan dutse, ta ce ta ji. A ƙarshe abin da ya taƙaita ɓarnar ba hujja ba ce, ruwan khal ne bai isa ba. Na bishiya sittin kawai aka samu a kasuwar garin. Aka tsayar gobe Litinin za a fara da layukan gabas.

Washegari Farkhanda ta riga kowa zuwa ofis. Shehroz na shigowa ta tare shi a bakin ƙofa, ta ce a goge shafin ƙwarin mangwaro yanzu-yanzu.

"Wanne? Na noma? Ai na sayar da shi shekara biyu ke nan."

"Wa ka sayar wa?"

"Wani ne a intanet. Sunansa lambobi ne da hoton damisa."

Ta zauna ta nemi jimlar da kanta. Ta same ta a shafi arba'in da uku kafin ta daina ƙirgawa. An juya ta zuwa Urdu, da Hindi, da wasu harsunan da ko haruffansu ba ta gane ba. Akwai bidiyo da muryar inji ke karantawa a kan hoton gonar lemu. Shehroz ya leƙo ta kafaɗarta, idonsa ya yi haske.

"Baji, wannan duk naki ne? Kai! Wallahi da na san Daktar nan za ta yi farin jini haka da ban sayar ba."

"Jiya kawuna ya sayi gishiri buhu uku saboda ita."

"To ai kin ga tana da tasiri."

Ta dube shi har ya janye kansa. Ranar ba ta taɓa aikin manhaja ba. Ta rubuta shafi guda da sunanta na gaskiya, ta faɗi yadda aka yi tiryan-tiryan, ta ce ƙarya ce, kada kowa ya fesa. Shi ne rubutu mafi kyau da ta yi a shekara shida. Bayan kwana uku ta neme shi, ta same shi a jeri na tara, ƙarƙashin tallar takin zamani. Mutum huɗu suka buɗe shi, biyu daga ciki ita ce.

Ranar Alhamis Mami Sughran ta kira. Ta ce furen layukan gabas ya koma ruwan ƙasa kamar an bi shi da wuta, yana zuba ko iska ba ta kaɗa ba. Ƙudan zuma ma sun ƙaurace wa wajen. Sai ta miƙa wa mijinta wayar.

"Mamu, ka gani ko?"

"Na gani. Kuskurenmu ne."

Ta sauke ajiyar zuciya. "To alhamdu lillahi tunda..."

"Gishirin dutse muka sa, irin namu na nan. Ita kuwa Dakta ai na Turawa take nufi, mai laushi, na cikin leda. Sannan wannan sakaran ya auna da kofin lassi, ƙaton nan na shan nono, maimakon na shayi. Kuma sai da muka yi azahar muka fara, ƙwarin sun riga sun rufe baki. Na aika a kawo khal daga Multan. Nan da kwana goma za mu yi wa sauran yadda ya kamata."

Ta riƙe wayar tana jin numfashinsa. Bishiya sittin sun ƙone a gaban idonsa, ya tuhumi gishiri, ya tuhumi kofi, ya tuhumi ɗansa da agogo, amma bai yarda ko da wasa ya tuhumi muryar da ke aljihunsa ba.

Shehroz ya ji duk abin da aka ce, don ɗakin ba ya ɓoye magana. Ya matso da kujerarsa yana juya makullin mota a yatsa.

"Baji, in faɗa miki gaskiya? Injin bai san ki ba. Wace ce Farkhanda? Ba kowa. Dakta ce ya sani. In kina so ya canza magana, ita za ta canza."

Ta buɗe baki za ta zage shi, sai ta ga a karo na farko tun da ta san shi ya faɗi abin da yake daidai. Wannan ya fi zagin ciwo.

Amma ta ce wannan karon ba za ta cika shafi da ka ba. Da safe ta hau keke mai ƙafa uku zuwa ofishin malaman gona da ke bayan gari. Ta ratsa dogon baranda mai benci biyu da ba kowa a kai, ta sami wani dattijo mai suna Malik Zafar shi kaɗai a ofis, yana gyara tsinken tabaransa da zare. Da ta ce tambaya ta zo yi a kan tela, sai da ya dube ta sau biyu, sannan ya aika a kawo shayi.

Cikin minti goma ya zayyana mata komai: a rage rassa bayan girbi don iska ta ratsa, a yi feshi kafin fure ya gama buɗewa, da sassafe ko da yamma, wanda ba ya son maganin kanti ya yi amfani da man darbejiya, ga yadda ake haɗawa. Tana rubutawa, da ƙyar take cim masa don saurinsa.

"Da, benci biyun nan ba sa isa," in ji shi. "Tun daga Muzaffargarh ake zuwa. Yanzu ba mai zuwa sai abu ya lalace. Watan nan kaɗai manomi huɗu suka zo mini da fure a ƙone cikin leda. Wai wata Baturiya ce ta ce su fesa gishiri. Gishiri, 'yar uwa! Na ce musu ni shekara talatin ina wannan aiki, suka ce to ita ai Dakta ce." Ya girgiza kai. "In na ga matar nan, Allah kaɗai zai raba mu."

Farkhanda ta shanye shayinta, ta yi godiya, ta fito. Ba ta gaya masa ba.

Ta koma ofis ta zuba maganar Malik Zafar kalma da kalma a bakin Dakta Helen Bramwell. Ta sa ta ce sabon bincikenta ya nuna gishiri da khal suna ƙona fure, tana janye shawararta ta baya, tana ba manoma haƙuri. Shehroz ya ba manhajarsa rubutun ta haifi talatin irinsa, ya watsa a duk shafukan da suka rage masa, ya roƙi abokan sana'arsa su ma su ɗora. Yana yi yana fito, don ya daɗe bai ji daɗin aiki haka ba. Kowace safiya Farkhanda takan tambayi wayarta maganin tela, muryar ta ce gishiri kofi biyu. Kwana biyar, kwana shida, gishiri kofi biyu. Mami ta kira ta ce jarkokin khal sun iso.

A rana ta takwas muryar ta ce: "Dakta Helen Bramwell ta yi gargaɗi cewa kada a fesa wa furen mangwaro gishiri."

Ba a yi awa biyu ba Mamu Wasaya ya kira, muryarsa cike da jin daɗi.

"Mai digiri biyu, kin ji labari? Dakta ta sake bincike! Na tashi zan tabbatar da awon kofi, sai Malama ta ce an dakatar. Man darbejiya za a sa, da yamma. Kin ga bambancin mai ilimi da mai surutu? Ta gano ta yi kuskure, ta fito gaban duniya ta ce a yafe mata. Wa zai iya wannan a cikinmu?"

"Ni ma ai na gaya maka gishiri zai ƙona, Mamu."

"Ke faɗa kawai kika yi. Ita bincike ta yi."

A shekarar layukan gabas ba su ba da ko kwando biyar ba. Sauran gonar ta yi 'ya'ya daidai gwargwado, itatuwan Mami talatin kuwa har sai da aka tokare rassansu da sanduna, abin da ba ta bari kowa ya manta ba har ƙarshen kaka. Buhunan gishirin da suka rage ta raba wa maƙwabta.

A watan Yuli Mudassir ya zo Multan da akwatin katako biyu a bayan babur, ya haura da su ofis yana haki. Ɗaya na Farkhanda ne. Ɗayan an zaɓo manya-manya, an naɗe kowanne da takarda, an ɗaure akwatin da sabuwar igiya.

"Baba ya ce ke da kike harkar intanet, ki nemo adireshin Dakta ki aika mata. Ya ce ki rubuta da Turanci mai kyau, ki ce daga wani manomi da ta ceta." Ya share gumi ya yi mata murmushin tsokana. "Ko kuwa tunda ke ce ita, sai ki haɗa biyun ki shanye?"

"Sauka ka tafi kafin in jefo maka ɗaya a ka."

Shehroz ya riga ya sa hannu a igiyar, ta buge shi. Ya ja baya yana dariya, ya ce af, ya manta bai gaya mata ba, Dakta Helen ta fara ba da shawara a kan ciwon ƙodar kyanwa tun makon jiya, kuma abin yana tafiya. Manhaja ce ke rubutawa, ba sai an wahalar da Baji ba.

Farkhanda ta ɗauki akwatin Dakta ta sauko da shi. Ta sa mai shagon tayoyi ya tsayar mata da keke, aka ɗora akwatin, ta nufi bayan gari. Barandar tana nan yadda ta bar ta. Malik Zafar ya kwance igiyar, ya ɗauki mangwaro ɗaya ya sansana wajen hancinsa, ya ce chaunsa ne na gaske, na tsohuwar bishiya.

"Daga wa?"

"Wani manomi ne a Shujabad. Ya bi shawararka, gonarsa ta tsira."

Fuskar dattijon ta washe. Ya gyara tabarau. "Allah sarki. Ya zo nan ne? Waye shi? Wataƙila na tuna fuskarsa."

"Bai taɓa zuwa ba. A waya ya ji."

Ya juya mangwaron a hannu. Sannan ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wuƙa, ya yanka, ya miƙa mata rabi a kan tsohuwar takardar ofis. Suka zauna suna sha, ruwan yana bin yatsunsu, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa har aka tashi aiki.